Tarihin Cinikin Gidaje da Sana'ar Dillancinsu a Biranen Kudancin Nijar

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda gida da filin gini suka zama hajar sayarwa a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, da kuma yadda wata sana'a ta tsiro a kan wannan ciniki, watau dillancin gidaje. Mai karatu yana iya tambayar abin da ya haɗa nazarin harshe da cinikin filaye. Amsar ba ta da nisa. Da Hausa ake taya gida, da Hausa ake sallamawa, da Hausa shaidu suke ji, amma takardar da za ta tsaya gaban alƙali da Faransanci aka rubuta ta. Tsakanin maganar baka da takardar nan akwai rata. A cikin ratar ne dillali yake samun abincinsa, a cikinta kuma mutane da dama suka yi hasarar abin da suka yi shekara da shekaru suna tarawa.

Kafin zuwan Nasara

A zamanin da ƙasa a yalwace take, mutane ne sarki yake nema. Baƙon da ya iso gari da niyyar zama yakan sauka wurin wani mai gida, mai gidan ya kai shi ga mai unguwa, shi kuma ya nuna masa kango ko wani fili a bakin gari inda zai kafa darni. Baƙon yakan yi gaisuwa da goro ko ɗan abin da ya sawwaƙa, amma ba wanda yake ɗaukar gaisuwar nan a kan kuɗin fili. Kalmomin da Hausa take da su tun tuni game da riƙon ƙasa suna nuna haka: gado, da kyauta, da aro, da jingina. Kowacce daga cikinsu tana bayyana hulɗar mutum biyu da suka san juna, waɗanda kuma za su ci gaba da haɗuwa a masallaci da kasuwa.

Wannan ba ya nufin ba a taɓa sayar da gida ba. Littattafan fiƙihun Malikiyya da malamai suke karantarwa a zaure, irin su Risala da Muhtasar, suna da babi a kan ciniki da kuma shufa'a, watau haƙƙin abokin tarayya na ya riga bare sayen rabon da ɗan'uwansa zai sayar. Sai dai abin da ya fi ɗaukar kuɗi a gida shi ne aikin da aka zuba cikinsa: katanga, da azara, da ƙyaure, da rijiya in akwai. Gidan ƙasa kuwa in ya yi ƴan damuna ba yaɓe, ƙasa yake komawa. Saboda haka darajar gida tana tare da zaman mutum a cikinsa, kango kuma a hannun sarauta yake, ta ba wanda ta ga dama.

Shi dillali tsohon ɗan kasuwa ne. Sunan nasa daga Larabci aka aro shi, haka ma la'adar da yake karɓa, wadda asalinta kalmar nan ce ta al'ada, watau abin da aka saba bayarwa. Akwai dillalan dawaki da na shanu da na tufafi, akwai na bayi a lokacin da ake cinikinsu, akwai kuma dillaliya mai shiga gidajen kulle da kaya a ka. Amma kakan dillalin gidaje na sosai shi ne fatoma, mai saukar da fatake. A Damagaram, inda Sarki Tanimu ya kewaye Birni da ganuwa a tsakiyar ƙarni na 19, unguwar Zango a waje take, nan ayarin Abzinawa da fataken arewa suke sauka. Mai masauki yana ba baƙo ɗaki, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in an ba da bashi. Ba kuɗin ɗaki yake bi ba, cinikin da zai faɗa ta hannunsa shi ne ribarsa. Manyan attajirai irin su Malam Yaro a irin wannan hulɗa da baƙi suka yi ƙarfi. Polly Hill ta bayyana tsarin nan a kasuwar shanu ta Kumasi a 1966, Abner Cohen kuma ya nuna a littafinsa na 1969 cewa a Sabo ta Ibadan ikon masu gida a kan cinikin shanu da goro ya dogara ne ga yawan ɗakunan da suke riƙe da su. Gida ke nan ya riga ya zama jari tun kafin ya zama haja.

Igiyar awo

Faransawa sun ci Damagaram a 1899, suka mai da ita cibiyar mulki a 1911, sa'an nan suka ƙaura zuwa Yamai a 1926. Sun zo da wata fahimta ta dabam game da ƙasa. Dokar 24 ga Yuli 1906, da wadda ta maye gurbinta ranar 26 ga Yuli 1932, sun kafa littafin ƙasa a Afirka ta Yamma ta Faransa: a auna fili, a zana taswirarsa, a ba shi lamba, a rubuta sunan mai shi, a miƙa masa takardar da ake kira titir fonsiye, wadda ba a ta da magana bayanta. Dokar 15 ga Nuwamba 1935 kuma ta ce ƙasar da ba ta da mai ita ta gwamnati ce, har da wadda aka bari ba aiki fiye da shekara 10. Duk manomin da ya san saura ya san gonar da aka bari ta huta ba yasasshiya ba ce, amma dokar ba ta san saura ba.

Kamfanonin Turawa da ƴan kasuwar Larabawa su ne galibin waɗanda suka yi rajistar filayensu. Talakan gari izinin zama kawai ake ba shi a unguwannin da aka yanka wa ƴan ƙasa. Daga wannan yanka ne Hausar Nijar ta sami kalmar kare, daga Faransanci, da ma'anar filin gida mai kusurwa huɗu, har ta zama sunan unguwa kamar Sabon Kare ta Maraɗi. Ita kuwa haya daga Ingilishi ta fito, ta hanyar Nijeriya ta shigo. Masu hayar farko baƙi ne: akawuna da malaman makaranta daga Dahome da Togo da Senegal, da ƴan kasuwar Yarabawa, da ƴan ci-rani. Ɗan gari mai asali a lokacin abin kunya ne a ce yana biyan kuɗi don ya kwana.

Babu inda sauyin nan ya fito fili kamar Maraɗi. Tsohon garin, wanda Katsinawan da jihadi ya kora suka mai da mazauninsu ƙarƙashin Ɗan Kasawa wajen 1819, a cikin kwarin Gulbi yake. A damanar 1945 ruwa ya ci shi. Hukumar mulkin mallaka ta hau da jama'a bisa tudu, ta shata tituna miƙaƙƙu, ta yanka filaye. Unguwanni sun hau da sunayensu, Bagalam da Ƴan Daka da Maradawa da Limanci da Ɗan Gulbi, sarauta ma ba ta fita daga al'amarin ba, amma iyakar kowane gida yanzu igiyar awo ce ta shata ta, ba tsohuwar bishiya ko shaidar dattijo ba. Abin da aka auna kuwa yana da sauƙin kwatantawa da ɗan'uwansa, abin da ake kwatantawa kuma ana iya yi masa kuɗi.

Kuɗin sun zo ta hanyar gyaɗa. Kamfanoni irin su CFAO da SCOA suna saye ta hannun ƴan ƙasa masu shiga ƙauyuka, bayan ƴancin kai kuma kamfanin gwamnati na SONARA, wanda aka kafa a 1962, ya karɓi cinikin. Yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970 da fataucin kan iyaka da ya biyo baya sun ƙara wa attajiran Maraɗi ƙarfi. Emmanuel Grégoire, a littafinsa na 1986 a kan alhazan Maraɗi, ya nuna cewa gine-gine suna cikin manyan wuraren da suke zuba dukiyarsu. Dalilan a bayyane suke. Gida ba ya ɗauke da shubuhar kuɗin ruwa, ɓarawo ba ya ɗaukarsa, ana saukar da barori da baƙi a ciki kamar yadda fatoma yake yi, in yana da cikakkiyar takarda banki yana karɓarsa a ba da rance, in kuma na siminti ne ana ba ma'aikatan gwamnati ko na ƙungiyoyin agaji haya. Alhajin da yake da gida 10 ba zai bi kowane ɗan haya da kansa ba. Yakan sa wani yaronsa ya riƙa karɓo kuɗin wata, ya nemo sabon mutum in ɗaki ya zama wofi. Daga irin waɗannan yara ne dillalan gidaje da dama suka fito.

Fari, da yuraniyom, da bashin albashi

Ƙidayar 1977 ta sami mutum kimanin 45,000 a Maraɗi. Ta 1988 ta sami fiye da 100,000. Ta 2012 ta sami 267,249. Yamai, wadda ba ta wuce mutum 30,000 da ɗoriya ba a 1960, ta kai 1,026,848 a 2012. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985 sun koro mutanen karkara zuwa birni, da yawansu ba su koma ba. Sunan unguwar Bukkoki a Yamai ya isa shaida a kan irin mazaunin da baƙi suke farawa da shi. A ɗaya gefen kuma kuɗin yuraniyom na ƙarshen shekarun 1970 sun kawo ma'aikata da baƙin ƙasashen waje masu neman manyan gidaje, gadar Kennedy da aka buɗe a 1970 ta buɗe ƙetaren kogi ga masu gini.

Gwamnati ta yi nata ƙoƙari. Dokar 11 ga Yuli 1959 ta tsara yadda za a riƙa ba da filayen gwamnati, da sharaɗin a gina su cikin wa'adi. Bankin Crédit du Niger yana ba da rancen gini, kamfanin SONUCI yana gina gidaje. Amma duka biyun mai albashi suka sani, masu albashi kuwa ƴan ƙalilan ne. Sauran jama'a suka dogara ga gidajen haya na tsakar gida ɗaya: ɗakuna a jere, kowane iyali da ɗaki ɗaya ko ɗaki da falo, makewayi ɗaya, famfo ɗaya in an yi sa'a. Da Faransancin Nijar ana kiran irin wannan gini selibateriyom, watau mazaunin gwauraye, ko da yake galibin masu zama ciki magidanta ne da ƴaƴansu.

Masu gonakin bakin gari su ma sun koyi darasi. Da suka ga in hukuma ta zo yanka ba abin da yake isa hannunsu sai kaɗan, sai suka fara rigan ta: su yanka gonar da kansu, su sayar, mai unguwa ya sa hannu. Haka unguwanni irin su Talaje a Yamai suka tashi ba tare da taswirar hukuma ba. Jawabin Seyni Kountché na 18 ga Disamba 1974, inda ya ce gona ta mai nomanta ce, ya ƙara wani ƙulli, domin bayan shekaru, da gari ya iso gonar, jikokin mai aro da jikokin mai bayarwa kowa ya fito da tasa hujja.

Faɗuwar farashin yuraniyom daga 1980, da rushewar bankin BDRN a 1990, da karya darajar kuɗin sefa da rabi a Janairun 1994, sun koya wa mai ɗan abin hannu cewa takardar kuɗi ba abar ajiya ba ce. Fili ya zama asusu. Ma'aikatun magajin gari, waɗanda haraji ba ya isar su, suka gane cewa yankan filaye ita ce hanya mafi sauri ta samun kuɗi, suka yi ta yanka nesa da inda ruwa da lantarki suka tsaya. Daga ƙarshen shekarun 1990 doka ta buɗe wa ƴan kasuwa ƙofar yin yankan da kansu. A farkon shekarun 2000 kuma gwamnati ta biya ma'aikatanta wani ɓangare na bashin albashi da filaye. Ma'aikacin da ya yi watanni yana cin bashin mai kanti ba gini ne a gabansa ba. Takardar yake sayarwa, sau da yawa bai taɓa taka filin ba. Tun daga nan aka sami kasuwar da takarda ce hajarta, dillalai kuma suka yawaita ƙwarai. Filin gida da a da yake kai murabba'in mita 600 ya yi ta raguwa zuwa 400, zuwa 300, har ƙasa da haka. Ko shingen itatuwan da aka fara dasawa kewaye da Yamai a 1965 bai tsira daga yanka ba.

A Tawa kuɗin ƴan tafiya ne suka fi motsa kasuwar, domin mutanen Adar sun daɗe suna zuwa Abijan da Kamaru da Libiya, suna aiko da kuɗi a saya musu fili. A Damagaram ruwa ne yake yanke farashi: unguwar da famfonta yake zuwa ta fi wadda ake jiran mai kura daraja. Jami'o'in da aka kafa a 2010 a Maraɗi da Damagaram da Tawa, da matatar mai ta SORAZ da ta fara aiki a 2011, sun ƙaro masu neman haya.

Yinin dillali

Kaɗan ne daga dillalan gidaje suke da ofis da rajista. Galibinsu rumfa ce mazauninsu a bakin titi, ko inuwar dogon yaro kusa da mai shayi, ko wata fada ta samari. Kayan aikinsu babur ne da wayar salula, wadda ta bazu tun farkon shekarun 2000, yanzu kuma hotunan gidaje ta WhatsApp suke yawo. Amma jarin dillali na gaskiya labari ne. Shi ya san gidan da aka yi rasuwa magada suna son raba gado, ya san ma'aikacin da aka yi wa canjin gari, ya san wanda bashi ya kama, da wanda yake neman cikon kuɗin kujerar Makka, da wanda zai aurar da ɗiya. Wurin jana'iza da wurin suna duk wuraren aikinsa ne, ko da yake ba zai faɗa ba.

Da safe mai neman haya yakan zo, ya faɗi unguwar da yake so da abin da zai iya biya. Kafin a tashi sai ya ba da kuɗin mai. A zaga gida uku ko huɗu, wani an riga an kama, wani mai shi ya ƙara kuɗi tun jiya, wani kuma makullin yana hannun wani dillalin. Nan ne ake ganin sarƙar da take cikin sana'ar: wanda ya san mai gida dabam, wanda ya kawo mai nema dabam, tsakaninsu kuma wataƙila akwai mutum biyu da ba abin da suka yi sai kiran waya, kowa kuwa yana da rabo a la'ada. Mai gida yakan gindaya sharuɗɗa, kuɗin watanni a gaba da na ajiya saboda ɓarna, wani ya ce ba ya son gwauro, wani ya ce ba ya son mace marar miji, wani ya tambayi yawan yara. Dillali ne yake faɗin wannan a madadinsa don kada a ji kunyar juna, shi ne kuma yake cewa ya san mutumin, ya tsaya masa. A wannan wuri aikin fatoma bai mutu ba.

Cinikin sayarwa ya fi riba, ya fi kuma wuya. Ana iya yin watanni ba a sayar da ko ɗaya ba. Tsarin maganar bai sauya daga na kasuwar shanu ba: mai saye ya taya, a ce albarka, ya ƙara, dillali ya ja wannan gefe ya ja wancan, har mai abu ya sallama, a ba da kafin alƙalami, a yi addu'a. Babban abin da dillali yake tsoro shi ne a zagaye shi, watau mai saye da mai sayarwa su gane juna su ƙulla a bayansa, ga shi ba shi da wata takarda da za ta nuna shi ya haɗa su. Don haka yakan ɓoye sunan mai gida har ƙarshe. Wannan ɓoyo, wanda kariya ce gare shi, shi ne kuma ƙofar da marar gaskiya yake bi ya ɗora nasa kuɗi bisa farashin da mai abu ya faɗa, ko ya sayar da abin da ba a ba shi ba. Jama'a suna yi wa dillalai kuɗin goro a kan wannan, alhali wanda yake zaune a unguwa ɗaya shekara 20 ba ya iya cin amana sau biyu.

Akwai kuma filin rani. A watan Maris kowane fili busasshe ne, kwari da tudu duk ɗaya. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa, amma mai sayen fili da rani bai san rariya ya saya ba sai Agusta. Ambaliyar kogin Kwara a Yamai a 2012 da 2020, da ruwan 2024 da ya rusa gidaje masu yawa a Maraɗi ya kuma ka da tsohon masallacin Birnin Damagaram, sun nuna yawan ginin da aka yi a hanyar ruwa. Garin da aka hau da shi tudu a 1945 ya sake gangarawa wuraren da aka gudo daga irinsu.

Takarda huɗu, suna ɗaya

A bakin jama'a duk abin da aka riƙe a kan fili sunansa takardar fili. A wurin hukuma kuwa abubuwa ne mabambanta. Akwai ƴar takardar ciniki da wani mai ilmin boko ko malami da ajami yake rubutawa, shaidu su dangwala hannu. Akwai shaidar riƙon gargajiya da sarki ko mai gari yake bayarwa, wadda dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 da hukumomin ƙasa da ta kafa suka ƙarfafa. Akwai takardar da ma'aikatar magajin gari take bayarwa bayan yanka, akt da sesiyo, mai ɗauke da lambar rukuni da harafin fili. Sa'an nan akwai titir fonsiye, wadda ita kaɗai ce mallaka cikakkiya. Tun dokar shari'a ta 16 ga Maris 1962 aka bar wa al'ada hukuncin filin da ba a yi wa rajista ba, wanda aka yi wa kuma dokar boko ce take hukunta shi. Mutum biyu ke nan suna iya zuwa gaban alƙali kowa da takardarsa a kan fili ɗaya, kowa kuma yana da gaskiya a iyakar saninsa.

Abin da ya fi yawa ma ba zamba ba ne, sakaci ne. Fili yakan bi hannu biyar, takardar tana ɗauke da sunan mutumin farko, domin canja suna yana cin kuɗi da zirga-zirga. Ranar da mutumin farkon ya rasu, magadansa suka ga lambar a cikin kayansa, rigima ta tashi. Mata sun fi shan wannan wahala. Gidan gado ba ya rabuwa ɗaki-ɗaki cikin sauƙi, sai a sayar a raba kuɗi, ƴar'uwa ko matar mamaci mai tumunin takaba ta dangwala yatsa a kan takardar da ba a karanta mata ba.

A 2006 gwamnati ta fito da hanya mai sauƙi da rahusa ta samun takardar mallaka, ta sa mata sunan Hausa, Sheda. Rubutun ya bi lafazin baka, ba ƙa'idar da take rubuta shaida ba, amma zaɓen kalmar yana da ma'ana: shaida a al'ada mutum ne mai rai da ya ga ciniki, ga shi an ɗora sunansa a kan takarda. Sai dai sunan ne kawai Hausa, abin da yake ciki da Faransanci yake.

Wata matsalar ta lissafi ce, kuma ta shafi masu tsara yaƙi da jahilci kai tsaye. A Hausar Nijar da dala ake ƙirga kuɗi, dala ɗaya kuwa tamma 5 ce. Jika tamma 1,000 ce, watau dala 200. Miliyan kuma da tamma ake nufinta. Ciniki ɗaya ke nan yana iya ɗaukar ma'auni uku. In mai saye ya ce ya biya dubu ɗari, dala yake nufi, abin da za a rubuta shi ne 500,000, wanda wani zai kira jika 500, wani ya ce rabin miliyan. Ɗalibin da aka koya wa rubuta 100 in ya ji ɗari, ba a kuma koya masa ninkawa da 5 ba, zai karanta takardar cinikinsa daidai harafi-harafi, ya fahimce ta ba daidai ba. A kasuwar gero kuskuren ƴan daloli ne, a cinikin gida kuwa dukiyar iyali ce.

Aikin yaƙi da jahilci da aka fara a 1963, da taron Bamako na 1966 a kan haruffa, da makarantar gwaji ta Damagaram ta 1973, da taron Yamai na 1980 da ya daidaita rubutun Hausa tsakanin Nijar da Nijeriya, da ƙa'idar rubutu ta 1999, duk sun gina harsashi mai kyau. Amma darussan manya sun fi karkata ga manomi: awon gyaɗa da auduga, da lissafin ƙungiyar haɗin kai, da kiwon lafiya. Hakan daidai ne a lokacinsa. Ɗan birni mai zaman haya, wanda dokar haya ta 18 ga Afrilu 1996 ta ba haƙƙoƙin da bai taɓa jin labarinsu ba, ba a yi masa littafi ba. Kundin da aka zartar a Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. In za a ɗauki wannan da gaske, takardar cinikin fili da ta haya suna cikin na farko da ya kamata a fitar da harshe biyu, da gurbin rubuta kuɗi da tamma da kuma jika, kowace irin takarda kuma da sunanta na Hausa da ba ya rikicewa da na ƴar'uwarta.

Aikin ba na canja kalma da kalma ba ne. A ɗauki jingina, wadda masu fassara suka saba sawa a gurbin ipotek ta banki. A jinginar gargajiya mai ba da kuɗi shi yake riƙe gonar yana nomawa, ba wa'adi, ranar da aka maido masa kuɗinsa ya saki, ko da jikoki ne suka biya. Gonar ba ta fita daga gidan masu ita. A ta banki kuwa mai gida yana zaune cikin gidansa, kuɗin ruwa suna hawa, in wa'adi ya cika bai biya ba a yi gwanjon gidan. Magidancin da aka ce wa jingina ce zai sa hannu yana zaton mafi munin abin da zai same shi shi ne jira. Tun da aka buɗe Bankin Gidaje na Nijar a 2018 masu sa hannu a irin wannan takarda ba manyan alhazai kaɗai ba ne, kalmar da za a sa a kanta kuwa har yanzu tana jiran masana harshe da masana shari'a su zauna a kanta tare da dillalan da suke fassara ta kullum a bakin titi.